Ranar da Sumie Ta Ƙyasta Wuta a Filin Jirgi

Duk wanda ya taɓa sayen awara a layin da ke bayan tashar bas ya san Sumie Iwanaga, ko da bai san sunanta ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta kullum jajur saboda ruwan sanyi, ba ta da dogon surutu da masu saye. Sunan kakan mijinta ne a rubuce jikin labulen ƙofar shagon, amma kowa a unguwar ya san wa ke jiƙa wake, wa ke tace shi, wa ke tsaye gaban kaskon mai tun gari bai gama wayewa ba.

Ba 'yar nan Kyushu ba ce, tsibirin kudancin Japan, aure ya kawo ta. A wata tsohuwar unguwar masu aikin hannu ta Tokyo aka haife ta. Ubanta yana cikin masu hawa ƙololuwar gini su kafa ƙarafan da sauran magina za su taka. Kullum in zai fita, uwarta takan biyo shi bakin ƙofa da ƙyastu, ɗan dutse a hannu ɗaya, guntun ƙarfe mai mariƙin katako a ɗayan, ta ƙyasta a bayan kafaɗarsa ta dama har tartsatsi ya tashi, domin ya dawo gida da ƙafafunsa. Ya kuwa yi ta dawowa har tsufa ya saukar da shi. Da za a kawo Sumie gidan miji, ƙyastun nan uwar ta naɗe a ƙyalle ta cusa mata cikin kaya. Uwar mijinta ta gani ta taɓe baki, ta ce a garin nan ba a san wannan ba, mai awara kuma ba ya hawa komai sai keke.

Haka ƙyastun ya yi ta kwana a durowa har mijinta Tatsuro ya kai arba'in, ciwon jirgi ya kama shi. Wani mai sayen awararsu ne ya jawo, likitan haƙori mai suna Egashira. Ya ɗauke shi wata Lahadi zuwa filin ciyawar da ke bakin kogi, inda wasu maza masu rufin asiri ke da ƙungiyar tuƙa ƙananan jirage, ya zaga da shi sama. Shi ke nan. Mutumin da ko jarida ba ya iya gamawa ya koma karatun iska da gajimare. Ya yi lasisi, ya haɗa hannu da wasu suka sayi tsohon jirgi, kuma daga nan Lahadi ta zama tasa. Lahadin da mata ke yin layi har bakin kwalta, ita ce ya bar wa Sumie, da shago, da 'yarsu Rie, da tsohuwa uwarsa da ta kwanta ciwo ba ta sake tashi ba.

Ranar da zai fara tashi shi kaɗai, Sumie ta ciro ƙyastun ta tsayar da shi a ƙofa.

"Ke, mene ne haka kuma? Ni ba ubanki ba ne."

"Juya mini baya, Baban Rie. Ubana ko a sama yake yana da abin takawa. Kai me za ka taka?"

Ya yi tsaki, ya juya. Daga ranar bai taɓa fita zuwa filin nan ba a ƙyasta masa ba. A gaban abokansa yakan ce shirmen mata ne. Amma akwai wata safiya da tsohuwa ta ɓata shimfiɗa, Sumie na ciki tana wanke ta, shi kuma ya fita da sauri. Ya kai har gada ya juyo da mota. Ya shigo ya tsaya bakin ƙofa, ya ba ta baya, yana duban titi kamar mai jiran bas. Ta goge hannu ta zo ta yi masa.

Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga jirgin ba. Da farko an ce yarinya ƙarama ce, bai kamata uwa da uba su hau abu ɗaya ba. Daga baya aka ce wa zai kula da tsohuwa. Bayan nan sai aka ce ai zagayen kogi ba wani abin kallo ba ne, ta bari sai babbar tafiya. Domin ƙungiyar tana da buri guda da ake maimaitawa duk taron ƙarshen shekara in giya ta ratsa: wata rana za su jera jiragensu su tsallake teku zuwa Koriya, su yi yawon mako guda suna sauka gari-gari.

"Ranar nan ke ce a kujerar dama," in ji Tatsuro. "Ba Likita ba, ba kowa ba. Ke."

Ya faɗa Rie na firamare, ya faɗa ranar bikinta, ya faɗa bayan an ƙone gawar tsohuwa an kai ƙasusuwanta makwanci. Sumie ba ta taɓa tuna masa ba, ba ta kuma taɓa mantawa ba. Ba Koriya ce ta dame ta ba. Mata nawa ne a layin suka hau jirgin ruwa suka je suka sayo kabeji mai gishiri da man shafawa suka dawo? Abin da take so shi ne ta zauna a gefensa ta ga abin da ya cinye mata Lahadin shekara ashirin da wani abu, ta ga ko ya kai.

Sai ga shi izini ya fito. Jirage huɗu, a farkon bazara. Ya zo kuma a ƙurarren lokaci, don idon Tatsuro na hagu ya fara hazo, kuma shi da ita sun san gwajin lafiyar da za a yi masa da kaka ba zai haye ba. Wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe a matsayin matuƙi, ita kuma ta farko. Ta yi fasfo. Ta je aka gyara mata gashi. Ta manna sanarwa a ƙofar shago cewa za a rufe na mako guda, abin da ba a taɓa yi ba ko ranar mutuwar tsohuwa.

Fita ƙasar waje ba daga filin ciyawa ake yi ba. Dole sai an bi ta babban filin jirgin lardi, inda ake da kwastan da masu duba fasfo da dokokin tsaro masu yawa. Saboda haka ƙungiya ta kira taron bayani, kuma a ɗakin da ke saman shagon Sumie aka yi shi, don an san a can za a ci a ƙoshi. Likita Egashira, wanda shi ne shugaba, ya yi ta zuba bayanin abin da ake yi da wanda ba a yi a farfajiyar jirage. Sumie na ƙasa tana suya. Da ta hau da faranti na uku sai ta ɗan durƙusa bakin ƙofa tana saurare.

Likita ya hango ta ta saman tabarau. "Uwargida, wannan maganar ta matuƙa ce, ciwon kai kawai za ta sa miki. A dai ƙaro mana shayi, kuma wannan mai riɗin, in da saura."

Maza suka yi dariya, har da mijinta. Ta sauka ta ɗora ruwa. Da suka watse tana kwashe kofuna ta ce wa mijinta, "Me aka ce game da mu fasinja?"

"Kar ki ɗauko wuƙa, kar ki ɗauko almakashi. Sauran ki bar mini."

Iyakar abin da aka gaya mata ke nan. Duk wanda ya ce daga baya wai an yi wa kowa bayani, ƙarya yake yi.

Ana gobe tafiya Tatsuro ya kai jirgin babban fili ya kwana a can tare da sauran. Ta ƙyasta masa a ƙofa kamar kullum. Amma da ya tafi sai ta tsaya tana tunani. Wannan ƙyastawar ta ɗan tsallen da zai yi daga kogi zuwa lardi ce. Teku fa? Gobe ba wanda zai tsaya a ƙofa, don ita ma matafiya ce. Sai ta naɗe ƙyastun ta sa a jakar hannu, kusa da fasfo. Ta kwana tana cura shinkafa da kifi mai gishiri a ciki, ta soya awara, ta jera abincin mutum takwas a akwatunan katako, da safe ta hau bas.

A ƙofar bincike wata yarinya mai kakin tsaro ta tambaye ta ko tana da ashana ko laita. Ta ce babu, kuma gaskiya ta faɗa. Yarinyar ta ga dutse da guntun ƙarfe marar kaifi, ta juya su a hannu, ba ta taɓa ganin irinsu ba, ta mayar mata. Aka buga mata hatimin fita. Aka ba ta wata riga ruwan ƙwai ta ɗora kan sabuwar rigarta, aka fito da su farfajiya.

Ga jiragen nan a jere, ƙanana kamar na wasa a gefen manyan. Nasu fari ne mai ratsin kore, fentin ya fara ɓarewa a bakin fukafuki. Sumie ta shafa shi da tafin hannu. Sanyi ƙalau, kuma ya fi yadda take zato siranta. Ta leƙa ta ga kujerar dama, an ma ɗora mata ɗan matashi don ta iya hango waje. Tatsuro ne ya ɗora shi da hannunsa. 

Kusa da su motar mai na tsaye tana ɗura wa jirgin Likita. Tatsuro ya gama zagaya jirginsa yana taɓa nan yana leƙa can, ya zo ya kama ƙofa zai hau. Sai ya tsaya. Ya ba ta baya, ya ɗan sunkuyar da kafaɗa, kamar yadda jikinsa ya saba. Ko ya san ya yi haka, ko bai sani ba, oho. Ita dai abin da ta gani ke nan. Ta buɗe jaka, ta warware ƙyalle, ta ƙyasta. Tartsatsi ya tashi fes.

Mai ba da man ne ya fara kurma ihu. Ya kashe famfo ya yi tsalle baya, wani ya sheƙo da tukunyar kashe gobara, wata mota mai fitila a ka ta taho a guje. Babu abin da ya kama. Amma kafin Sumie ta gane da ita ake, an riƙe mata hannu biyu an karɓe dutsen.

A faɗi gaskiya, tartsatsi kusa da man jirgi ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya kafa dokar ba mahaukaci ba ne. Da an bar ta ta zauna a ɗakin nan na sama da kofin shayinta kamar mutum, da ta ji, da a tashar bas ma za ta roƙe shi ya fito ta yi masa.

Aka kai su wani ɗaki marar taga, ita da Tatsuro da Likita. Jami'in da ya zauna da su, Mizokami, mutum ne mai furfura da sanyin murya. Ya ajiye ƙyastun a tebur.

"Mama, a ƙofa an tambaye ki abin kunna wuta."

"Ashana aka tambaye ni da laita. Ba ni da su."

"Wannan fa?"

"Na uwata ne. Ba sigari ake kunnawa da shi ba. Don ya sauka lafiya ne."

Mizokami ya dubi dutsen. Ya ce kakarsa ma ta taɓa ba shi labarin irinsa. Sannan ya ce doka ba ta bar masa zaɓi ba: wanda ya tayar da wuta a wurin shan mai, za a fitar da shi daga farfajiya, a soke fitarsa ta yau, a yi masa tambayoyi. Ya juya ga Tatsuro. "Kai ne matuƙin. Fasinjarka a wuyanka take. Ka san tana ɗauke da shi? Ka san za ta yi?" Bai ɓoye musu ba, in Tatsuro ya sani, shi ma ba zai tashi ba.

Likita ya duba agogo. Izinin shiga sararin Koriya na ɗan lokaci ne, in ya wuce sai a sake nema daga farko, watanni ke nan. Ya yi gyaran murya. "Iwanaga, faɗa masa mana. Mutane na jira a rana."

Tatsuro ya miƙe tsaye, ya haɗa hannu a cinya, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

"Ban san ta ɗauko ba, ranka ya daɗe. Wata tsohuwar camfi ce ta gidansu. Na sha hana ta, ba ta ji. Ba ta yi karatu mai zurfi ba. A yi haƙuri da jahilcinta."

Bai san ta ɗauko ba, wannan gaskiya ne. Sauran fa? Sumie ta dube shi. Ƙeyarsa kawai take gani, da kafaɗar nan ta dama. Kalma ɗaya ta isa ta hana shi tafiya, ta ce wa jami'in ai shi ya juya mata baya ya tsaya. Tana nan a bakinta. Ta tuna idon nan mai hazo, ta haɗiye.

"Ke, ki jira a gida," ya ce a ƙofa, bai kalle ta ba. "Mako guda ne."

"Abincin na cikin jirgi," ta ce. "Na saman na Likita ne, ba barkono."

Aka sauke akwatinta aka kawo mata. Akwatunan abinci kuwa aka ce kayan ƙungiya ne, suka tafi. Shinkafarta ta tsallake teku, ita tana zaune kan kujerar roba tana maimaita sunan ubanta da ranar haihuwarta. Ko ƙarar tashinsu ba ta ji ba. Da aka sallame ta da la'asar, an ja layi a kan hatimin fasfonta, ƙyastun kuma aka ce ba a mayarwa. Mizokami ya rako ta har bakin titi yana ba ta haƙuri. Shi kaɗai ya ba ta haƙuri a ranar. Ta hau bas da gyararren gashinta, ta iso layi, ta yage sanarwar ƙofa, ta jiƙa wake.

Sun dawo sun yi baƙi da rana, suna ba da labarin tsibirai da naman gashi. Ba a kwana uku ba saƙo ya zo: ƙungiya za ta yi zaman duba kurakurai kamar yadda ta saba bayan kowace tafiya, kuma ya kamata uwargidan Iwanaga ta zo ta ba da haƙuri, don ta zubar wa ƙungiya mutunci a gaban hukuma.

"Ki daure," in ji Tatsuro. "Ki sayi kwalin alewa mai kyau, ki sunkuya, shi ke nan. Da wane ido zan kalle su in ba ki je ba?"

"Da na daman. Shi ne mai gani."

Amma ta je. Ta sayi kwalin, aka naɗe shi da farar takarda. A rumfar ƙungiya da ke bakin kogi, wurin da ba ta taɓa takawa ba sai ranar, maza suka zauna a jere. Ta durƙusa, ta tura kwalin gaba, ta sa goshi a ƙasa, ta ce ta jawo musu damuwa, su yafe. Likita ya ji daɗi. Ya ce komai ya wuce, sannan ya sanar da sabuwar ƙa'ida: daga yau iyali ba za su ƙara shiga tafiyar ƙungiya ba, don ba su san dokar jirgi ba.

Sumie ta ɗago kai. "Likita, ina da tambaya."

"Faɗi, uwargida."

"Ranar da kuka koyi dokar nan a saman shagona, ina nake?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Ina ƙasa ina soya maka mai riɗi. Na zo zan ji, ka ce ciwon kai zai kama ni. To ga shi ya kama mu duka. Na ba da haƙurin tartsatsi, don na yi, kuma da mai ya kama da yaron nan mai famfo ya ƙone a banza. Wannan kam ina jin kunyarsa. Amma jahilcin da aka faɗa, ku kuka dafa shi, ni ɗaukowa kawai na yi."

"Ke!" in ji Tatsuro, fuskarsa ta yi jajur. Ya faɗi ƙasa yana sunkuyawa a madadinta, yana cewa a yi haƙuri, gajiya ce. Ta tashi ta sa takalmanta ta bar shi a haka.

Da kaka aka gwada idon, bai haye ba. Ya sayar da rabonsa na jirgin. Ƙungiya ta yi masa liyafar ban kwana, daga nan wayarsa ta yi shiru, ko Likita sai dai ya aiko 'yar aiki sayen awara. Ya koma zama kan benci a bayan shago yana tsince tsakuwa daga wake, in ƙaramin jirgi ya gifta ya ɗaga kai yana nema da ido ɗaya. Sumie na ba shi abinci a kan lokaci, tana ɗiga masa magani a ido safe da yamma. Ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Shi ne ya tayar, wata rana da sanyi ya fara shiga, tana tsaye tana kwashe awara daga ruwa.

"Sumie."

Ta juyo, don rabon da ya kira sunanta har ta manta.

"Na tambaya a tashar jirgin ruwa. Ana kwana ɗaya a hanya, da safe sai Busan ta Koriya. Akwai ɗaki na mutum biyu, mai taga. Mu rufe shago mu je. Zan nuna miki duk inda muka sauka."

Ta tsame hannu ta goge a zani. Ta daɗe tana kallonsa, tsoho mai kwanon wake a cinya.

"Wa zai tuƙa?"

"Jirgin ruwa ne. Suna da matuƙinsu."

"To me zan je gani? Fasinja biyu a ɗaki? Wannan ai muna da shi a sama."

"Haba, Sumie. Tsoro ne ya kama ni ranar nan. Kin san tafiyata ta ƙarshe ce."

"Na sani. Shi ya sa na yi shiru ka tafi. Ban ce ka zauna ba, Baban Rie, ko yau ba zan ce ba. Da ka ce wa mutumin nan, matata ce, don ni ta yi, sannan ka hau jirginka, da na tsaya bakin shingen waya ina ɗaga maka hannu."

Ya koma tsintar tsakuwarsa. Wata mata ta ɗaga labule tana tambayar ko akwai soyayyiyar awara mai zafi.

"Akwai," in ji Sumie. "Guda nawa?"